Daga Baitalami Zuwa Antakiya: Musayar Baitoci

Mai Alli:
Salamu alaikum 'yan zaure. Jiya wani ɗalibina ya tambaye ni shekarar da aka haifi Annabi Isa, na ce masa kafin Miladiyya ne. Yaro ya fashe da dariya, wai zolaya nake. Shi ne na zo da baiti. Amsa-amonmu "wa" ne, mai amsawa ya riƙe shi.

Ƙasar Yahudiya can gabas,
Tana hannun sojan Rumawa.

Augusta ke kan gadon Rum,
Hirudus na ƙasa yana tsawa.

A Baitalami, in ji Linjila,
Maryamu ta yi haihuwa.

Hirudus ya mutu shekara 4
Kafin Miladiyya ta soma ƙirguwa.

Jaririn kuwa a zamaninsa ne,
To wa ya ɓata mana ƙirgawa?

Ɗiyar Wusasa:
Sannu da aiki Malam. Ka gaya wa yaron ya daina dariya.

Wani ɗan zuhudu, Diyonisiyus,
A 525 ya zauna yana tsarawa.

Ya ƙirgo baya iyakar saninsa,
'Yan shekaru suka yi sulluɓewa.

Bar batun lissafi, mu je Nazarat,
Ƙauyen da ba a ko kulawa.

Gidan Yusufu masassaƙi,
Da gizago ake neman rayuwa.

Sai ga Yahaya a Kogin Urdun,
Mai tuba ya tsoma shi a ruwa.

Yesu na wajen shekara 30,
Ya je gare shi, nan ne farawa.

Bakin tekun Galili da safe,
Masunta na taru suna wankewa.

Bitrus da ɗan'uwansa Andarawus,
Suka bi shi ba waiwayowa.

Har Matiyu mai karɓar haraji,
Irin wanda gari ke tsinewa.

Da shi aka cika su 12,
Tebur ɗaya, ba warewa.

Gardin Damagaram:
Yaya, ki ba ni wuri in sa baki, don Isa ɗan Maryama mu ma namu ne.

Sura ta 19 sunan uwar ke kai,
Ba uba, a nan mun yi haɗuwa.

Makaho da kuturu ya warkar,
Da iznin Allah, muna gaskatawa.

Wajen gicciye hanya ta rabu,
Nisa'i ta ce ba kisa, ba gicciyewa.

An kamanta musu, Allah ya ɗauke shi,
Malam, tarihi me yake cewa?

Mai Alli:
Alaramma, tambayar da nake ta kewayewa ke nan a aji. Zan faɗi abin da ke cikin takardu, aƙida kuwa kowa na da tasa a ƙirji.

Bilatus gwamnan Yahudiya ne,
A Miladiyya 26 ya hau, 36 saukowa.

A 1961, can Kaisariya,
Masu tono suka yi gamuwa

Da dutse mai sunansa a sassaƙe,
Ka ga ba tatsuniya ake ƙagawa.

Tasitus marubucin Rum,
Kirista ba ya ko son ganawa,

Shi ya ce Bilatus ya kashe Kiristi, wato Yesu,
Zamanin Tibariyas na mulkin Rumawa.

Masana suka ce 30 ko 33,
A makon bikin Yahudawa, Idin Ƙetarewa.

Abin da ya faru rana ta uku,
Nan allina yake tsayawa.

Ɗiyar Wusasa:

Inda allinka ya tsaya, Malam,
Nan bangaskiyata take somawa.

Mata suka je kabari da asuba,
Mu tashinsa muke shaidawa.

Baba Mai Goro:
Yara, kun tsaya a bakin kabari kuna ja-in-ja. Ni abin da ke ba ni mamaki daban ne: yadda maganar 'yan ƙauyen Galili ta tsallake ta zama ta duniya. A ganina asirin na cikin zabirar wanzami.

Mabiyan farko kaf ɗinsu,
Ku sani fa duk Yahudawa.

Haikali suke zuwa addu'a,
Asabar ma suna kiyayewa.

Shawulu na Tarsus ke farautarsu,
A hanyar Dimashƙu ya yi juyawa.

Shi ne Bulus mai yawon jirgi,
Birni birni yana zagayawa.

A Antakiya aka fara ce musu Kirista,
Sunan ya bi su ba gogewa.

Nan fa rigima ta taso,
Da Girkawa suka soma shigowa.

Ƙato da gemu ya ce ya yarda,
Shin sai an kai shi an yi yankewa?

Wasu suka ce kaciya dole,
Dokar Musa ba ta karyuwa.

Aka taru Urushalima wajen 49,
Jagorori Yakubu da Bitrus na saurarawa.

Aka ce a bar baƙi yadda suke,
Wanzami ya mai da aska, ba taɓawa.

Da an ce sai aska, ku gaya mini,
Maza nawa za su yi tsayawa?

Wasiƙun Bulus da Girkanci,
Sun riga Linjila huɗu rubutuwa.

A 64 gobara ta ci Rum,
Niro ya ce su ne masu kunnawa.

A 70 Titus na Rum ya rushe Haikali,
Tsakaninsu da Yahudawa sai nisantuwa.

Sai 313, Sarki Kustantin a Milan,
Ya ce a bar su, ba kamawa.

Gardin Damagaram:
Baba, Allah ya ja kwana, amma ka tsallake Afirka.

A ƙarni na 4 Sarki Ezana,
Ya karɓa a Aksum ta Habashawa.

Ƙasar nan ce sahabbai suka je,
Da Makka ta yi musu tsanantawa.

Ja'afar ya karanta Suratu Maryam,
Najjashi ya ƙi miƙa su ga Ƙuraishawa.

Mai Alli:
Na kwafe duka zan kai aji gobe. Baba, sai dai baitin ƙato da gemu zan ɓoye, don in 'yan aji uku suka ji shi, darasi ya ƙare ke nan.

Baba Mai Goro:

Ka karanta musu shi, Malam,
Shi kaɗai za su iya haddacewa.