An cire wa Inna mahaifa, to me kuma za a gasa?

'Yar Auta:
Assalamu alaikum. Don Allah masu sani ku taimaka min. Innarmu shekararta 62, al'ada ta ɗauke mata sama da shekara goma, sai kawai jini ya dawo. Wata bakwai tana ɓoye mana, sai ranar da na ɗauki zaninta zan wanke na gani. An yi mata aiki an cire mahaifar, sakamako ya nuna kansar mahaifa ce mataki na 3, har ta taɓa kaluluwar ƙugu. Likita ya ce sai gashi sau 25, da wani gashi na ciki, da kimo, wato magungunan kashe ƙwayoyin kansa. Tunda ta ji kalmar gashi abinci ya fita ranta, gani take wuta za a hura mata. Ni kuma abin da ya ɗaure min kai, tunda mahaifar ba ta nan, me za a gasa? Sannan jikokinta biyu a ɗakinta suke kwana, raba su za mu yi don kada gashin ya shafe su?

Nas Mai Jinya:
Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba Inna lafiya. Wuƙar likita abin da ido ke gani take cirewa. Idan cutar ta kai kaluluwa, akan samu ƙananan ƙwayoyinta sun saura a ƙugu, su ake bi da hasken inji, shi ne ake ce wa gashi. Babu wuta, babu zafi. Kafin a fara za a ɗauki hoton CT, wato hoton cikin jiki, a yi mata 'yan alamomi a fata don kullum hasken ya sauka wuri guda. Daga nan Litinin zuwa Juma'a, mako biyar, tana kwance na 'yan mintuna injin yana zagaya ta. Na ciki kuwa, birakiterafi, wata 'yar na'ura ake sawa ta gaba, a haska saman farji inda aka ɗinke, domin nan cutar ta fi son dawowa. Idan irin na yanzu ne da ake cirewa bayan mintuna, ba ta komawa gida da komai a jikinta. Ku bar yara a ɗakin kakarsu.

Maman Biyu:
Sannu 'yar uwa. Na yi jinyar yayata, tata ta bakin mahaifa ce. Ki nemi masauki kusa da asibitin tun yanzu, zirga-zirgar mako biyar ba wasa ba ce. Kullum sai ta sha ruwa mara ta cika kafin ta shiga, don hanji ya ɗan kauce wa hasken. Wajen mako na uku zawo ya fara, ga zafin fitsari, ga kasala. Muka daina yaji da mai, kunu da farar shinkafa suka riƙe ta. Kada a dirje alamomin da soso, kada a shafa wani mai sai an tambaya. Mu inji ya tsaya mana kwana tara, hankalinmu ya tashi matuƙa, don ba a son yanke gashi a tsakiya. Ki tambayi likita tun farko ina za a tura ku idan hakan ta faru.

'Yar Auta:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Inna duka, da na zo wajen jikoki sai ta yi ajiyar zuciya ta ce a dama mata kunu. Ranar Talata za mu je ɗaukar hoton, na rubuta tambayar injin a takarda don kar na manta.