Neman shawara: mesh ɗin da na saya ya kasa kai waifai ɓangaren Hajiya

Baban Hafsat, Tumfure, Gombe

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar masu ilimin na'urorin intanet a kan wata matsala da ta shafe mako biyu tana ci mini tuwo a ƙwarya. Gidanmu ginin bulo ne mai ɓangarori uku. Falona da ɗakin karatu suna gaba kusa da zaure, ɓangaren uwargida yana tsakiya, sai ɓangaren mahaifiyata Hajiya can ƙurya, bayan tsakar gida, kusa da inda muka kafa tankin ruwa. Intanet ɗinmu daga rauta mai sim muke samu, ta 4G, kuma a falona take zaune, don haka waifai ɗinta ba ya wuce ƙofar tsakar gida.

Abin da ya sa na damu shi ne Hajiya. Ƙanina yana karatu a Malesiya, kuma kusan kullum bayan sallar asuba tana kiransa ta bidiyo a WhatsApp, amma sai ta tako daga ƙurya har falona da sandarta, ga ciwon gwiwa da take fama da shi. Wani abokin aikina ya ce in sayi mesh, wato ƙananan na'urori da suke miƙa wa juna sigina har gida ya cika da waifai guda. Na sayi mai ƙwaya uku, daga cikin masu sauƙin kuɗi. Ta farko na haɗa ta da rautar da gajeren kebul ɗin da ya zo a kwalin, ta biyu na ajiye ta bayan talabijin a ɗakin uwargida, ta uku kuma na ɗora ta a kan kabet a ɗakin Hajiya.

Tun daga ranar, fitilar ta ukun takan koma ja sau da yawa a rana, idan ma ta haɗu bidiyon yana yankewa. Idan aka ɗauke wuta muka tayar da inji, sai komai ya rikice har sai na cire su na sake jonawa. Wayoyinmu suna ganin sunayen waifai biyu, kyamarar da ke ƙofar gida kuma ta ƙi haɗuwa da sabon gaba ɗaya. Shin in mayar da kayan ne, ko in ƙaro ta huɗu? Allah Ya saka wa duk wanda ya taimaka da alheri.

Injiniya Abu Salim, Jekadafari

Wa alaikumus salam Malam. Allah Ya ƙara wa Hajiya lafiya. Kada ka mayar da kayan, kuma kada ka sayi ta huɗu tukuna, domin a bayanin da ka yi matsalar tana wajen da ka ajiye na'urorin ne.

Kuskuren da kusan kowa yake yi shi ne ya ɗauki na'urar ya kai ta ɗakin da babu sigina, yana zaton za ta ƙirƙiro siginar a can. Ita kuwa abin da ta samu daga 'yar uwarta shi take maimaitawa, idan ta samu mai rauni sai ta raba mai rauni, ko da wayarka ta nuna maka sanduna cike. Sandunan nan ƙarfin da ke tsakanin waya da na'urar kawai suke nunawa, ba su faɗa maka halin da ke tsakanin na'urar da ta gabanta. Dole ta uku ta zauna a inda har yanzu take jin ta biyu sosai, sannan ita ta tura sauran zuwa ɗakin Hajiya.

Ka lura kuma da irin gininmu. Yawancin waifai na gida yana aiki a kan zango biyu, 2.4 GHz da 5 GHz. Na farkon ya fi ratsa bango kuma ya fi nisa amma ba shi da gudu sosai, na biyun yana da gudu amma bangon bulo biyu ko uku sun isa su karya shi, balle a ce akwai rufin kankare mai rodi a ciki. Shi ya sa faɗin da ake rubutawa a jikin kwali ba ya cika a gidan bulo mai ƙofofin ƙarfe. Ruwa ma yana shanye sigina, don haka idan tankin nan yana kan layin da ke tsakanin ɗakin uwargida da na Hajiya, shi kansa bango ne. Bayan talabijin kuwa yana daga cikin mafi munin wuraren da za a ajiye ta biyu, saboda akwai ƙarfe a bayan allon, ga zafi.

Ka fito da ta biyu daga bayan talabijin, ka ɗora ta a sarari, a kan tebur ko shelf mai tsayin ƙirji, kusa da tagar da ke kallon tsakar gida. Ta uku kuma ka sauko da ita daga kan kabet ka kai ta tagar Hajiya ko barandarta, ta yadda idan ka tsaya a wajen ɗaya za ka iya hango ɗayar. Manhajar da ka yi saitin da ita tana nuna ƙarfin haɗin kowace na'ura da kuma wadda take jingine da ita, ka riƙa dubawa duk lokacin da ka matsar da wata, ka ba ta minti biyu ko uku ta daidaita kafin ka yanke hukunci.

Akwai wani abu da ya kamata ka sani game da masu sauƙin kuɗi. Ba su da zango na uku da aka keɓe don maganar da suke yi a tsakaninsu, saboda haka hanya ɗaya suke rabawa tsakanin yi wa wayarka aiki da miƙa saƙo ga ta gaba, kuma a kowane tsalle gudun yakan ragu da kusan rabi. Ta uku da ke karɓa daga ta biyu ta yi tsalle biyu ke nan. Maganin da ba ya ba da kunya shi ne a ja kebul na Cat5e ko Cat6 daga ta farko zuwa ta uku. Kebul ɗin yana ɗaukar sigina har mita 100 ba tare da ta lalace ba, kuma ina da yaƙinin gidanka bai kai haka ba.

Maman Khalil, Yelwa, Bauchi

Baban Hafsat, ni maganar wutar zan taɓa, domin na sha wannan wahalar da kaina. Idan wuta ta dawo, na'urorin duka suna tashi lokaci guda, amma rauta mai sim takan ɗauki lokaci kafin ta kama netwok, ita kuwa mesh ta farko ta riga ta tashi tana neman intanet ba ta samu ba, sauran kuma suna neman ta farkon. Sau da yawa suna daidaita da kansu idan aka yi haƙuri na 'yan mintuna, amma a gidan da ake ɗauke wuta sau biyar a yini, haƙurin nan shi ne ke ƙarewa.

Abin da ya raba ni da matsalar shi ne ƙaramin batirin nan da ake kira mini UPS, wanda ake jona rauta a jikinsa kai tsaye. Na sa ɗaya yana riƙe rautar da ta farko tare, na sa wani a ta ɗakin yara. Ka juya adaftar kowace na'ura ka karanta rubutun da ke jiki kafin ka saya, yawancinsu bolt 12 ne amma akwai masu bolt 9, kuma idan aka ba na'ura ƙarfin da ya wuce nata tana iya ƙonewa. Idan kana da inbata ko sola, ka sa a jawo soket ɗinsu a kan layin, ba sa cin wuta mai yawa.

Sannan ka shirya wa data. Ranar da waifai ya isa kowane lungu a gidanmu, datar da take kai mu wata ba ta kai mako uku ba, saboda yara sun samu damar kallon bidiyo daga kan gado. Ka buɗe waifai na baƙi daban a cikin manhajar, da lambar sirri daban, kada ka ba almajiran zaure da maƙwabta ta ainihi.

Malam Baban Yusra, Pantami

Ina goyon bayan Injiniya, sai dai zan ƙara a kan sunayen waifai biyu da ka ambata. Tsohuwar rautar har yanzu tana watsa nata waifai, ita ma mesh tana watsa nata, kuma suna zaune kusa da juna suna cin karo. Wayar da ta saba da tsohon suna za ta manne masa ko da ka yi nisa. Ka shiga saitin rautar ta adireshin da aka rubuta a ƙarƙashinta, wanda galibi 192.168.0.1 ne ko 192.168.8.1, ka kashe waifai ɗinta gaba ɗaya, ka bar ta tana aikin karɓo intanet kawai.

Bayan haka, a yanzu na'urori biyu ne, rautar da kuma mesh, suke raba adireshi a gidanka, wato lambar da ake ba kowace waya ko na'ura don a gane ta. Kallon YouTube ba zai nuna maka illar hakan ba, amma kyamara da firinta da wasu manhajoji sukan rikice. A cikin manhajar mesh akwai yanayin da ake kira Access Point, idan ka zaɓe shi rautar ce kaɗai za ta riƙa raba adireshi. Ka sani dai wasu abubuwan, kamar taƙaita wa yara lokaci, ba sa aiki a wannan yanayin a wasu samfuran.

Kafin duk wannan, ka tsaya kusa da rautar ka gwada gudu a fast.com da safe, ka sake gwadawa bayan isha'i. Idan a bakin rautar megabit 8 kake samu da dare, babu mesh ɗin da zai mayar da shi 50 a ɗakin Hajiya. Kiran bidiyo na WhatsApp ba ya buƙatar gudu mai yawa, abin da yake so shi ne kada haɗin ya riƙa yankewa. Wani lokacin matsar da rautar zuwa tagar da ke fuskantar turken sadarwa ya fi duk wani saiti amfani. Ka kuma duba ƙofofin kebul na naka, domin samfura irin Deco E4 da Tenda MW3 ƙofofinsu a megabit 100 suke tsayawa, Deco M4 da Tenda MW6 kuwa suna kai 1,000. Ga mai 4G wannan ba abin damuwa ba ne, amma ranar da ka koma 5G ko Starlink zai zama.

Abban Sadiq, Wunti, Bauchi

Injiniya, da girmamawa, ina da ja a kan jan kebul ta tsakar gida. Na ga gidan da aka rataya kebul a sama daga rufin kwano zuwa rufin kwano, tsawar damina ɗaya ta kashe ƙofofin na'urorin biyu. Rana ma tana cinye robar kebul na cikin ɗaki, zafin Maris da Afrilu a nan ba wasa ba ne.

Injiniya Abu Salim, Jekadafari

Maganarka gaskiya ce Abban Sadiq, kuma na gode da ka tuna mini. Idan za a ja, a sa shi cikin bututun roba a bi da shi ta gindin bango ko a binne, ko a sayi na waje mai baƙar riga, kada a rataya shi a sama, kuma kada a kwantar da shi jiki da jiki da wayar wuta. A kuma nemi na tagulla zalla, saboda akwai masu araha da aluminiyam ne aka shafa wa tagulla, suna karyewa da wuri. Amma Malam ya fara gwada sauya wuri tukuna, wannan ba ya cin ko kwabo.

Baban Hafsat, Tumfure, Gombe

Allah Ya saka muku da alheri baki ɗaya. Jiya bayan la'asar ni da babban ɗana muka bi shawarwarin nan ɗaya bayan ɗaya. Na kashe waifai ɗin rautar, na mayar da mesh yanayin Access Point, na fito da ta biyu daga bayan talabijin zuwa tagar falon uwargida. Da na tsaya a nan na kalli ɗakin Hajiya, sai na ga tankin ruwan a tsaye daidai tsakaninsu, kamar yadda Injiniya ya zata. Muka buga ƙaramin katako a barandar Hajiya ta gefen da tankin bai tare ba, ƙarƙashin rufi inda ruwan sama ba zai taɓa ba, muka ɗora ta ukun a kai. Tun daga lokacin fitilarta ba ta koma ja ba, kuma yau da safe Hajiya ta yi hira da ƙanina kusan rabin awa tana zaune a kan darduma a ɗakinta. Batirin da Maman Khalil ta ambata zan saya idan albashi ya shigo, na duba adaftocin duka bolt 12 ne. Kyamarar ƙofar gida ce kaɗai har yanzu ta ƙi.

Malam Baban Yusra, Pantami

Alhamdulillahi. Yawancin irin waɗannan kyamarorin zangon 2.4 GHz kawai suke ji, ita kuwa mesh ta haɗe zangunan biyu a suna ɗaya, wayarka kuma tana kan 5 GHz lokacin da kake ƙoƙarin haɗa su. Ka shiga manhajar ka kashe 5 GHz na ɗan lokaci, ka kashe Fast Roaming, wato saitin da ke saurin mayar da waya daga wata na'ura zuwa wata, idan a kunne yake, ka danna maɓallin sake saiti na kyamarar har ta manta tsohon waifai, sannan ka haɗa ta. Idan ta kama, sai ka mayar da 5 GHz ɗin. In kuma ta sake ƙi, ka duba tsarin tsaron, ka sa shi a WPA2, domin tsofaffin kyamarori ba su san WPA3 ba.