Yaya aka yi Abiola ya kayar da Tofa a Kano a 1993?

Ɗan Kurna: Assalamu alaikum iyayenmu. An ce a zaɓen 12 ga Yuni 1993 Abiola ya fi Alhaji Bashir Tofa ƙuri'a a Kano, alhali Tofa ɗan gida ne, kuma gwamnan lokacin, Kabiru Gaya, ɗan jam'iyyarsa ta NRC ne. Ni ko haihuwata ba a yi ba. Don Allah wanda ya gani da idonsa ya warware mini.

Tsohon Tela: Wa alaikumus salam ɗana. Haka aka yi, kuma ni kaina doki na dangwala wa, alamar SDP, jam'iyyar Abiola. Abiola ya samu 169,619, Tofa 154,809. Ka duba asali: Kano ta NEPU ce da PRP, jam'iyyun Malam Aminu Kano. Da Babangida ya ƙirƙiro jam'iyyu biyu, SDP da NRC, yawancin 'yan PRP, ɓangaren santsi da na taɓo, SDP suka shiga. Shi kuwa Tofa jigo ne a NPN, jam'iyyar Shagari, tun zamanin mulkinsa, kuma wanda ya sha ɗauri a kan NEPU ba zai wayi gari ya bi wancan layin ba. A shagonmu tutocin SDP muka yi ta ɗinkawa har cikin dare da fitilar ƙwai, maigidana bai karɓi ko sisi ba. Ga Rimi, Limamin Canji, yana hawa mumbari a kan Abiola. Ga Kingibe a mataimakin Abiola, Tofa kuma ya ɗauko Sylvester Ugoh wanda ba mu san shi ba.

Ɗan Kurna: To Baba, Gaya fa? Yaya NRC ta ci gwamna?

Tsohon Tela: Rigimar cikin gida ce ta raba SDP a 1991, wasu suka yi fushi suka mara wa Gaya baya. Amma a zaɓen majalisa SDP ce da rinjaye. Kwankwaso ma a SDP ya tafi majalisar wakilai ya zama mataimakin kakaki. Har gobe soke zaɓen 12 ga Yuni da Babangida ya yi yana ci mini rai.

Maman Ilham: Baba ka bar abu ɗaya. Mutane ba su fito ba, ƙuri'un duka biyu ba su kai dubu 350 ba. Kwana biyu kafin zaɓe wata kotu a Abuja ta ce a dakata, mahaifina ya zaci an fasa, ya tafi gonarsa a Gezawa.