A-A a hannu: a sake ƙari ko a yi lamɓo?

Na Gwaggo: Jama'a ni dai a poka ɗin Texas Hold'em, in A-A (katin A guda biyu, hannun farko mafi ƙarfi) ta zo maka kuma wani ya riga ya ƙara kuɗi kafin a buɗe katunan tsakiya, ka bi shi kawai ka yi shiru. Kana sake ƙari kowa zai zubar da katinsa, ka tashi da abin da bai taka kara ya karya ba, alhali hannun nan sau ɗaya yake zuwa cikin rabo 221.

Dogo: Haba yaya, ban yarda ba wlh. A-A da mutum ɗaya kana da damar ci kusan kashi 85 cikin 100, amma bari mutum huɗu su shigo da araha ka dawo wajen 56, kuma kai ka buɗe musu ƙofa. Mai 6-6 kusan sau ɗaya cikin takwas zai samu 6 ta uku a katuna ukun farko, ba za ka gane ba, kana ta zuba cif (kuɗin wasa) shi yana binka a hankali har ya kwashe komai.

Na Gwaggo: To in duk sun gudu fa?

Dogo: Su gudu mana, ai ka ci. Kuma mai K-K ba ya gudu, ƙara maka zai yi ku zuba duka kana da wajen kashi 82.

Baban Ummi: Dogo ya fi gaskiya amma a faɗi nawa za a ƙara. In shi zai riƙa fara magana kai kana bayansa, ninki uku ya isa, ya sa 300 ka mai da shi 900. In kai za ka riƙa farawa to ninki huɗu. Matsalar dai in A-A da K-K kaɗai kake sake ƙari da su, zama biyu an karance ka, dole wani lokaci ka haɗa da irin A-5 masu alama iri ɗaya.

Na Gwaggo: Ka ga ka dawo maganata kenan, ɓoyewa na da amfani.

Baban Ummi: A'a malam, ni cewa na yi ka faɗaɗa hannun da kake ƙari da su. Lamɓo sai in akwai wani mai zafin hannu a bayanka da ka tabbata zai ƙara.

Dogo: Q-Q fa? Ita ce ke ban ciwon kai, kusan kashi 41 A ko K na fitowa a ukun farko.

Na Gwaggo: Ita kam ko ni ƙari nake. A-A ce dai har yanzu ban sauka ba.