Aiki a Abuja, iyali a Kano: in ci gaba da zirga-zirgar ko in kwashe su?

Assalamu alaikum. Admin, don Allah a sakaya sunana.

Ina aikin akanta a wani kamfani a Abuja, iyalina kuwa suna Ɗorayi, gida ɗaya da Hajiyarmu. Duk Lahadi bayan azahar nake shiga mota a Unguwa Uku zuwa Kaduna, in kwana wurin wani abokina, da asubahin Litinin in kama jirgin ƙasa a tashar Rigasa in sauka a tashar Idu ta Abuja, daga nan sai ofis da jakata a kafaɗa. Ƙarshen wata mukan kai tara na dare ba mu tashi ba. Ranar Juma'a in juyo.

Jirgin kansa ba ni da ta cewa a kansa, ga sanyi, ga wurin miƙe ƙafa, nan ne ma nake samun barcin kirki. Abin da ke cin jikina shi ne ragowar hanyar. Kilomita 186 ce a jirgi, amma daga Kaduna zuwa Kano sai an haura 200 a mota, galibi da dare. Kafin in wuce Kwanar Dangora bayana ya riƙe. In isa gida yara sun yi barci, Asabar in wuni a kwance, Lahadi in ɗaura takalmi. Ƙaramar 'yata har ta fara yi mini ƙyuya, in na miƙa hannu sai ta ɓuya bayan zanin uwarta.

Kuɗin haya a Abuja kun san yadda yake, Hajiya kuma ta ce ba inda za ta. Me kuka gani?

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Malam, ba jirgi ne ya gajiyar da kai ba, zuwan kowane mako ne. Mai da shi mako biyu-biyu, ka roƙi ogan naku ya bar maka Litinin ɗin da ka zo gida, ka biya shi da Asabar ɗin da kake Abuja. Kuɗin motar da ya yi saura ka ƙara a cefane. Kuma ka riƙa yanke tikitinka ta intanet da wuri, tun 2021 aka koma haka, ka daina zuwa tasha kana fata.

Maman Ilham: Ɗan'uwa, duk bayanin nan naka ban ji inda ka ce ka zauna da matarka ba. Ita ke kwana da yara in zazzaɓi ya tashi, ita ke kula da Hajiya. Mu mata mun san abin da "ba komai" ke nufi. Tambaye ta a natse, ba a waya ba, ba kuma daren Juma'a da kake gyangyaɗi ba. Batun yarinya kada ya ɗaga maka hankali sosai, ka riƙa kiran bidiyo kullum bayan magariba, za ta saba da fuskarka.

Abu Safwan: Ni Kaduna zan ce. Haya ta fi ta Abuja sauƙi nesa ba kusa ba. Ka kama gida wajen Rigasa, ga tashar jirgi kusa da kai, Kano kuma ba ta yi nisa ba in Hajiya ta neme ka.

Maman Ilham: Abu Safwan, wato ya raba gida uku ke nan? Shi Abuja, matar Kaduna inda ba ta san kowa ba, tsohuwa ita kaɗai a Ɗorayi?

Abu Safwan: To ai shawara ce, Hajiya. Wuƙar tana hannunsa.

Dattijon Fagge: Yaro, mahaifina a reluwe ya yi aiki har ya yi ritaya, a bakin tashar Kano muka tashi. Tun 1911 dogo ya iso garin nan, da shi aka yi ta kwasar gyaɗa zuwa Ikko, ga shi yau ɗan Kano sai ya je Kaduna kafin ya hau jirgin zamani. An aza harsashin sabon layin Kano zuwa Kaduna a 2021, Allah ya nuna mana gamawarsa, amma kada ka gina lissafin gidanka a kansa. Ka kuma tuna bayan harin 28 ga Maris 2022 jirgin Abuja bai koma aiki ba sai Disamba. Duk tsarin da za ka yi, ya zama wanda zai tsaya ko da jirgi ko babu. Abu ɗaya nake roƙonka, bar tafiyar daren nan. In ka sauka Rigasa bayan magariba, kwana, ka kamo hanya da safe. Gara su gan ka da hantsin Asabar da lafiyarka.

Ummu Haidar: Kana da ƙanne a Kano? Hajiya ba taka ba ce kai kaɗai. A zauna a yi magana, wani ya dawo gidan ko a riƙa karɓa-karɓa.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na karɓi maganar tafiyar dare, daga wannan makon zan kwana a Kaduna. Maman Ilham, zan zauna da ita ranar Asabar in sha Allah. Ummu Haidar, ƙanina ɗaya ne namiji, yana karatu a Zariya, sai baɗi zai gama. Baban Khalifa, batun Litinin ɗin ne nake jin nauyi, ogan namu ba ya son a zo masa da irin wannan a tsakiyar aiki. Wa ya taɓa neman irin wannan alfarmar a wurin aikinsa, kuma ta wace hanya ya ɓullo mata?