bcrypt yana ƙin kalmar sirri ko da an rubuta ta daidai

Sabon Ɗalibi:
Assalamu alaikum. Ina gina ƙaramar manhaja da Python, kuma ina amfani da laburaren bcrypt wajen niƙa kalmomin sirri (wato mayar da su wani rubutu da ba a iya juya shi a dawo da asalin kalmar) kafin in adana su a rumbun bayanai. Rajista tana tafiya lafiya lau, amma duk lokacin da na zo shiga sai checkpw, umarnin da ke duba kalmar, ta tsaya da saƙon "Invalid salt", alhali na tabbatar kalmar da na rubuta ita ce wadda na yi rajista da ita. Kwana biyu ke nan ina fama, har na fara tunanin komawa SHA-256, wata hanyar niƙa ta daban, tunda ita ba ta taɓa ba ni wahala ba. Ina neman shawarar magabata.

Mai Gyaran Sabar:
Wa alaikumus salam. Kafin ka taɓa komai, ɗan'uwa, buɗe rumbun ka ƙirga haruffan abin da aka adana. Sakamakon bcrypt haruffa 60 ne cif: yana farawa da alama irin $2b$12$, sai haruffa 22 na gishiri (salt, wato bazuwar haruffan da ake haɗawa da kalmar kafin a niƙa ta), sannan 31 na niƙaƙƙiyar kalmar. Idan ka tarar da 50, to gurbin da ka tanada ya yi kaɗan kuma an datse wutsiyar. Idan kuma ka ga 63, kuma layin ya fara da harafin b da alamar zance, to ka kira str() ne kai tsaye a kan abin da hashpw, umarnin da ke niƙa kalmar, ta dawo da shi, sai Python ya haɗa maka da kwalliyarsa. Wannan na biyun nake zargi, domin shi ne ke lalata farkon layin, inda laburaren ke karanta gishirin. Maganinsa shi ne ka yi amfani da decode (mayar da sakamakon rubutu na yau da kullum) kafin adanawa, ka yi encode (mayar da shi yadda yake) lokacin dubawa.

Sabon Ɗalibi:
Haruffa 63 ne, Malam, kuma ga b ɗin nan a gaba yana kallona. Na gyara, yanzu ina shiga. Allah ya saka da alheri.

Tsohuwar Hannu:
Madalla da an gano bakin zaren, amma maganar SHA-256 da ka ambata ce ta sa na tsaya. An ƙera ta ne domin ta yi sauri, kuma saurin nan riba ce ga ɓarawon da ya sace rumbunka, saboda katin zane na kwamfuta (GPU) na zamani guda ɗaya yana iya gwada biliyoyin kalmomi a daƙiƙa. A 2012 an fitar da kusan kalmomin sirri miliyan 6.5 na LinkedIn waɗanda aka niƙa da SHA-1 ba tare da gishiri ba, kuma ba a daɗe ba aka fasa mafi yawansu. Shi kuwa bcrypt, wanda Niels Provos da David Mazières suka gabatar a 1999, da gangan aka sa masa nawa. Lambar 12 da kake gani a farkon layin ita ce ma'aunin wahalar, kuma duk ƙarin ɗaya a kanta yana ninka aikin sau biyu.

Akwai wani tarko da bai kama ka ba tukuna. bcrypt ba ya duba abin da ya wuce bayit 72 (bayit ma'aunin girman bayanai ne a kwamfuta), kuma bayit ba harafi ba ne: a tsarin adana rubutu na UTF-8, ƙ da ɗ da ɓ kowannensu bayit biyu yake ci, don haka doguwar jimlar Hausa za ta cika ma'aunin tun kafin haruffanta su kai 72. A da laburaren yana datse ragowar a ɓoye, amma daga siga ta 5.0 yana ƙin karɓa ne baki ɗaya, saboda haka ka auna tsawon bayan encode, ka sanar da mai rajista cikin ladabi.

Mai Gyaran Sabar:
Gaskiya ne, Hajiya. Da sabon aiki ne ni Argon2id, wani nau'in tsarin niƙa na Argon2, zan zaɓa, tunda Argon2 ne ya lashe gasar tsarin niƙa kalmomin sirri a 2015 kuma yana cin ƙwaƙwalwar kwamfuta sosai, abin da ke wahalar da ɓarawo, amma ban ga dalilin rushe abin da ke aiki ba. Sai dai kada ka manta da asusun waɗanda suka yi rajista kafin gyaran. Layukansu har yanzu 63 ne, kuma cire haruffa biyu na farko da ɗaya na ƙarshe zai dawo da su daidai.