Kwana goma ko sati uku? Ku ba ni shawara kan tafiyata Sin

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman waɗanda suka saba zuwa saro kaya.

Ina da shago a babbar kasuwar Katsina, kayan kicin da takalma nake sayarwa. Da can a Kano nake sari, amma bana ina so in je Guangzhou da ƙafata, lokacin baje kolin Kanton na watan Oktoba. Abin da ya ɗaure min kai shi ne yawan kwanakin.

Baje kolin zango uku ne, kowanne kwana 5. Kayan gida suna zango na biyu, 23 zuwa 27 ga Oktoba. Takalma sai na uku, 31 ga Oktoba zuwa 4 ga Nuwamba. Kwana ukun tsakiyar nan kuɗin otal kawai za su ci. Ga shi kuma Sin ta riga mu da awa 7, an ce kwanan farko barci ke cinye shi.

Yayana ya ce in yi kwana goma in dawo, wai baƙo raɓa ne. Shi fa iyakarsa Maraɗi! Maƙwabcin shagona kuwa cewa ya yi kada in tashi sai na ga kayana sun shiga kwantena da idona, wato sati uku ke nan.

Damuwata shagon. Ƙanena zan bar wa, yaro ne mai amana amma bai iya hana bashi ba. Kwana huɗu na taɓa yi a Kano, na dawo na tarar da littafin bashi ya ƙaru da shafi biyu.

Don Allah, wanda ya taɓa zuwa, zango ɗaya ya wadatar, in nemi takalman a kasuwannin cikin gari? Kwana nawa kuka yi a zuwanku na farko?